Babbar Kwalbar Dickson Gwamna

Idan aka zo lissafa manyan mutanen da ƙasarmu ta ba Dubai aro, rashin adalci ne a tsallake sunan Mista Dickson Gwamna. Wasu sun zo da digiri, wasu da jari, wasu da ƙarfin damtse kawai. Shi da ilimi ya zo, irin ilimin da ba a koyarwa a kowace makaranta, shi ya sa babu malamin da zai iya kama shi da kuskure. Fanninsa shi ne giyar da ƙananan masana'antun Turai ke dafawa kaɗan, su ɗura a kwalba ɗari uku ko ɗari shida, su buga wa kowace lamba, sannan su ce khalas, ba za a sake yin irinta ba. Masu sha'awar wannan giya ba su cika sayar wa juna ba. Musaya suke yi, kwalba da kwalba. Inda ake musaya dole a yi gardama kan wace ta fi wace, inda ake gardama kuma dole a nemi alƙali. Ba a nemi Dickson ba. Shi ya lura da gurbin, ya shiga ya zauna, don ya rage wa jama'a wahalar nema.

Da rana yana tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito da ke Ras Al Khor, na kamfanin da ke kai wa otal-otal kayan sha. Masu hassada suna cewa direba ne. Amma a duba maganar da hankali. Mutumin da ya shekara tara yana ɗaga kwalaye zuwa saitin idonsa, yana karanta abin da aka rubuta a jikinsu kafin ya sauke, ya yi karatun da ya fi na likita tsawo. Gaskiya ne bai taɓa ganin cikin kwalayen ba. To amma masu nazarin taurari ma ba su taɓa taka ko ɗaya ba, kuma ba a ƙwace musu takardunsu ba.

Fadarsa ɗaki ɗaya ce a wani filat na haya a unguwar Satwa. Nan Ƙungiyar Masu Ɗanɗano take zama kowace Litinin bayan azahar, ranar hutun yawancin ma'aikatan otal. Su bakwai ne, Kiristoci 'yan Kudancin Kaduna da Filato, kowa da lasisinsa na sayen giya, kowa da 'yan kwalabensa da wani baƙo ya ba shi kyauta ko ya tsinto a hanyar dawowa daga hutu. A shekara uku da kafa ƙungiyar ba a taɓa buɗe kwalba ko ɗaya ba. Ciyaman, wato Dickson, ya haramta. Zobon matarsa Lucia ake sha, ana kallon kwalabe a kan tebur.

"Habibi, ku saurare ni," in ji shi a kusan kowane zama, yana gyara nakatayal. "Kowane jahili yana iya shan giya. Maƙogwaro kawai ake buƙata. Amma sanin darajarta tana rufe, wannan baiwa ce. Turawa sun yi giya, ba su yi mata doka ba. Ni na yi mata."

Dokokin biyu ne. Ta farko Dokar Girma: abin da ke cikin kwalba shi ne kwalba, don haka mai mililita ɗari bakwai da hamsin ta ninka mai ɗari uku da talatin har da ɗoriya, kuma mai ƙarama sai ya yi ciko. Ta biyu Dokar Ƙaranci: abin da ya fi wuyar samu shi ya fi daraja, ko da bai cika cokali ba. Kowace doka a karan kanta tana da hankali. Abin da ya bambanta Alƙalin Kwalba da ƙananan alƙalai shi ne sanin ranar da kowace ke aiki. Wanda ya bi shari'o'insa ɗaya bayan ɗaya zai ga cewa duk ranar da babbar kwalba ke hannun Dickson, Dokar Girma ce ke kan gado, duk ranar da ƙarama ce a hannunsa kuma sai Ƙaranci ta hau. Ba za a kira wannan son kai ba, domin son kai yakan ɓuya. Shi a fili yake yin nasa, da jawabi.

Istifanus, wani mai gadin kanti ɗan Mangu, ya ɗanɗani dokokin biyu a wata guda. Ya ba da ƙanana biyu ya karɓi babba ɗaya, bayan mako uku ya mayar da babbar ya karɓi ƙarama ɗaya daga cikin nasa na da. Har yau yana zuwa taro. Ya ce zobon yana da daɗi, kuma yana so ya ga ƙarshen abin.

Alamar mulkin Ciyaman kofin awo ne na roba, mai layuka a jiki, wanda yake ajiyewa a jakar karammiski da aka taɓa sayar da turare a ciki. Asalinsa na Lucia ne, da shi take auna fulawar cincin. Ya ɗauke shi ranar da aka naɗa shi, wato ranar da ya naɗa kansa. Da yake ba a buɗe kwalba, kofin bai taɓa jiƙewa ba. A tsakiyar tebur ake girke shi kamar sandar majalisa, ƙarƙashin wata takardar shaida mai zanen zinariya da wani shagon buga takardu na Satwa ya taimaka masa ya ba kansa.

Akwai kalma ɗaya da ba a furtawa a wannan fada, ita ce burukutu. In wani ya yi suɓutar baki, sai Ciyaman ya ɗaga gira ya ce, "An ce wani abu ne da ake sha a ƙwarya. Ban taɓa gani ba." Lucia takan dube shi ta ci gaba da zuba zobo. A gidan da ke jikin na su Dickson ta girma, a wani ƙauye ƙarƙashin dutsen Kagoro, kuma ta san cewa kakarsa ce ta fi kowa iya dafa burukutu a yankin, ta san kuma wanda yake yi mata faskare.

Wannan ya kawo mu maganar ajiya, wadda ita ce gwajin kowane masani. Filat ɗin ɗaki uku ne, kicin ɗaya, firiji ɗaya. A ɗakin da ke kallon nasu akwai Malam Aminullahi, mutumin Zariya mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, wato esi, da matarsa Mahfuza. Tun ranar farko aka yi yarjejeniya cewa giya ba za ta shiga firijin haɗaka ba, kuma babu wanda ya ɓata rai. Malam Aminullahi ma, don kyautata maƙwabtaka, ya ce akwai wani ɗan ƙaramin firiji da wani kwastoma ya yar, zai gyara masa kyauta ya sa a ɗakinsa.

"Malam, da girmamawa," in ji Dickson, "kai sanyi ka karanta. Sanyi na lemo ne da kifi. Giya mai daraja abu ce mai rai, akwai yis a cikinta. Mai rai kuwa ɗumi yake so kafin ya nuna."

Rabin maganar gaskiya ne, kuma rabin gaskiya ya fi ƙarya zalla haɗari, domin yana da ƙafar tsayawa. Lallai akwai yis mai rai a irin waɗannan kwalabe. Amma ina Alƙali ya koyi maganar ɗumi? A gefen murhun kakarsa, inda take lulluɓe tukwane da buhu don burukutu ya tashi. Abin da ya manta shi ne tukunyar kaka bakinta a buɗe yake, kuma kwana biyu ake shanye ta. Ba a taɓa toshe ta a ɗaure da waya a jira shekara uku ba. Haka mutumin da ya yi rantsuwa bai san burukutu ba ya ɗauki kwalabensa goma sha takwas, ya naɗe su da bargo, ya jera a baranda jikin injin esi, daidai inda yake huro zafi waje. A jikin kowace kwalba an rubuta a ajiye a wuri mai sanyi. Ya karanta, tunda karatu ne sana'arsa, ya kuma yi bayani: an rubuta haka ne don kada talakawa su gano sirrin. Wata rana a watan Yuli Malam Aminullahi ya cusa ma'aunin zafi cikin bargon, ya ce masa digiri hamsin da takwas. Dickson ya ce, "Madalla. Suna nuna."

Da abin ya tsaya a nan, da sai a ce mutum da bargonsa. Amma akwai Sharon.

Sharon 'yar wata ƙawar Lucia ce daga gida. Uwarta ta damƙa ta amana a hannun Dickson ranar da bizarta ta fito, shi ya sa take kiransa Kawu. Shekara huɗu tana ɗaukar tire a wani otal a Bur Dubai, tana kwana a gado mai hawa biyu a ɗakin mutum shida. Sai gurbi ya buɗe na mai kula da sashen giya, da ƙarin albashi da ɗaki nata ita kaɗai. Gwajin ranar Alhamis ne: kowane mai nema zai kawo kwalba ɗaya, ya buɗe ta a gaban manaja, ya zuba, ya yi bayani. Sharon tana da kwalbarta. Ƙarama ce, ruwan ƙasa, ba ado, ɗaya daga cikin ɗari biyu da arba'in, wadda wani tsoho ɗan Beljiyam ya ba ta bayan ta yi wata guda tana yi masa hidima. Tun lokacin kwalbar tana ɗakin sanyi na otal da sunanta a jiki.

Kuskurenta ɗaya, ta nuna wa Kawu hoton kwalbar a waya. Kawu ya ga lambar, sai tausayi ya kama shi.

"'Yata, wannan za ki kai wa manaja? Zai ɗauka maganin tari kika kawo masa. Babban matsayi babbar kwalba yake so. Ki zo ranar Litinin, zan duba abin da zan iya yi miki saboda uwarki."

Ranar Litinin, ƙarfe uku na rana, cikin watan Agusta, Sharon ta iso da kwalbar a jakar ƙanƙara, da ƙunshin kilishin da uwarta ta aiko mata ta jirgin kaya, domin an gaya mata ta zo da shirin ciko. Ciyaman ya sa farar kwat. Ya fita baranda da kansa ya dawo rungume da kwalabe biyu iri ɗaya, manya, kawunansu a tsome cikin jan kaki irin na kyandir, lamba goma sha bakwai da goma sha takwas daga cikin ɗari shida. Tagwaye yake kiransu. Sharon ta kai hannu ta taɓa ɗaya, ta janye da sauri.

"Kawu, ai kamar yanzu aka sauke ta daga wuta."

"Alamar rai ce. Zauna."

Ya fito da kofin daga karammiski, ya girke, ya tsaya ƙarƙashin takardar shaidarsa.

"Jama'a, yau shari'ar mai sauƙi ce, kuma ina so matasa su koya. Yau Dokar Girma ce. Abin da ke cikin kwalba shi ne kwalba, ba na so in ji wata magana bayan wannan. Tawa ɗari bakwai da hamsin. Tata ɗari uku da talatin. Da a London ne, da ta kawo irin wannan biyu da rabi kafin a bar ta ta taɓa kakin. Amma ni uba ne. Zan karɓi 'yar wannan, in karɓi kilishi a matsayin ciko, in rufe ido. Asara zan yi, amma asarar da aka yi wa 'yar amana ibada ce."

Yana faɗin haka yana kwance ƙunshin, kuma kafin ya kai kalmar ibada ya riga ya kai yanka na uku baki. Sharon ta dubi ƙaramar kwalbarta, ta dubi jan kakin. A gaskiya jan kakin yana da kyau. Ta fara zuge jakar ƙanƙara.

Sai Lucia, daga bakin ƙofa, da jug ɗin zobo a hannu, ta ce wa mijinta, "Baban Talatu, a garinmu ko ƙwarya ɗaya mutum zai saya, sai mai tukunya ta ba shi ɗanɗano tukun. Kakarka ba ta taɓa hana kowa ba. Tunda biyu ne, ka buɗe ɗaya yarinya ta ga abin da za ta kai wa manaja."

Istifanus ya ajiye kofinsa a hankali.

"Oga Ciyaman, wace tukunya? Kaka me take dafawa?"

A nan ya kamata a yaba wa saurin tunanin Alƙali. Haɗari biyu ne a gabansa. In ya ƙi buɗewa, za a ci gaba da maganar kaka. In ya buɗe, zai karya dokar shekara uku, amma za a bar maganar kaka. Ya auna su cikin ƙiftawar ido, ya zaɓi wanda yake ganin ya fi sauƙi.

"Yalla, maza a ba ni wuƙa. Yau za ku ga abin da jikokinku za su ji labari."

Ya yanke kakin lamba goma sha bakwai cikin ƙasaita. Ya fara warware wayar da ta riƙe toshiyar, yana bayanin cewa a Turai akwai makaranta ta musamman don koyon zare toshiya. Bai samu damar nuna abin da ake koyarwa a makarantar ba. A murɗa ta uku toshiyar ta tashi da kanta da ƙara kamar fashewar tayar babbar mota, ta daki silin, ta dawo ta faɗa cikin zobo. Bayanta kumfa ya miƙe tsaye, ya kai silin shi ma, ya bazu, ya fara saukowa a kan jama'a. Ciyaman ya danna babban yatsa a bakin kwalbar don ya tsare dukiyarsa, sai kumfan ya rabu gida biyu, rabi ya wanke Istifanus, rabi ya wanke takardar shaida, zanen zinariyar ya fara zuba a bango. Daga waje aka ji muryar Malam Aminullahi yana buga ƙofa.

"Salamu alaikum! Mista Dickson, lafiya? Esi ne ya fashe?"

"Lafiya lau, Malam," in ji Lucia. "Ta nuna ne."

Da abin ya lafa, Istifanus ya share fuska da hular gadinsa, ya miƙa hannu ya ɗauki kofin awo, abin da babu wanda ya taɓa yi. Ya karɓi kwalbar daga hannun Ciyaman, ya tuttule abin da ya rage, ya ɗaga kofin saitin taga, ya jira kumfa ya kwanta.

"Ɗari da casa'in, Oga. Abin da ke cikin kwalba shi ne kwalba, ka ce ba ka so ka ji wata magana. Ta Sharon ɗari uku da talatin. Ina jin cikon ta ɗaya gefen zai bi." Ya leƙa ƙunshin kilishi. "Kuma ga shi an ci rabi."

Ƙaramin mutum da ya yi shiru. Dickson ya matse nakatayal ɗinsa, ya ɗaga yatsa.

"Kun ga bambancin mai ilimi da marar shi. Wannan da kuka gani ƙarfi ne. Giya mai rauni ba ta kai silin. Sannan ku lura da kyau: ɗazu ɗari bakwai da hamsin ce, yanzu ɗari da casa'in. Me ya faru? Ta yi ƙaranci. Daga wannan minti Dokar Ƙaranci ta fara aiki, kuma darajar abin da ke cikin kofin nan ta ninka sau huɗu."

Lucia, wadda 'yar zumuntar matan coci ce kuma ba ta taɓa kai giya baki ba, ta karɓi kofin ta sansana sau ɗaya.

"Na san wannan warin. Irinsa zauren Kaka ke yi in tukunya ta kwana biyar ba a saye ba. Aladu muke zuba wa, Baban Talatu. Kai kake ɗaukar bokitin."

Sharon ba ta yi dariya ba. Silin take kallo, tana tuna na ofishin manaja, wanda fari ne kuma da fitilu a jiki. Ta tura ƙaramar kwalbarta can ƙasan ƙanƙara, ta zuge jakar, ta rungume ta.

"Kawu, na gode da shari'a. Sauran kilishin ka riƙe, ladan alƙali ne."

"Ga lamba goma sha takwas nan," in ji shi, yana nuna tebur. "Har yanzu ƙofar alheri a buɗe take. Ki zo ki ɗauka."

Babu wanda ya motsa. Sai a lokacin aka lura cewa duk Masu Ɗanɗano sun koma jikin ƙofa, kuma shi kansa Ciyaman daga bayan kujera yake miƙa tayin, da faifan tire a gaban ƙirjinsa.

Ranar Alhamis Sharon ta buɗe 'yar kwalbarta a gaban manaja. Kwalbar ta yi ɗan huci kaɗan, ta tsaya a inda aka ajiye ta. Sharon ta zuba, ta yi bayani na minti biyar, ta ƙara da cewa irin wannan giya ba ta son zafi ko kaɗan, kuma ta faɗe shi da yaƙinin da ya sa manajan ya tambaye ta inda ta yi karatu. A farkon wata ta kwashe kayanta daga gado mai hawa biyu.

A Satwa kuwa an rufe baranda na kwana tara. Mahfuza ta mayar da shanyarta kicin, domin kowace rana wajen ƙarfe biyu, in zafi ya kai iyaka, sai a ji ɗaya daga cikin dukiyar Ciyaman ta yi sallama daga ƙarƙashin bargo. 'Yan ƙungiya har yanzu suna zuwa ranar Litinin, sai dai ƙofar Malam Aminullahi suke fara ƙwanƙwasawa, su tambayi mutumin da bai taɓa sanin ɗanɗanon giya ba digiri nawa ya kamata su ajiye tasu. Yana gaya musu daga bakin ƙofa, ba ya karɓar ciko.

Dickson Gwamna yana nan kan kujerarsa, yana shirya doka ta uku, wadda ya ce za ta yi bayanin abin da ya faru. Jakar karammiski ma tana nan a tsakiyar tebur, a tsaye, an cusa mata safa don kada ta kwanta. Kofin dai Lucia ta wanke shi sau uku da ruwan zafi ta mayar cikin fulawa, inda yake auna abu ɗaya ga kowa, ko wane ne ya riƙe shi.